Yadda Na Ci Saniyar Yayarku

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwanaki har na samu zaman rubuta muku wannan.

Na san abin da ake faɗa a kaina a rugarmu ta bayan Dumega, na kuma san ya shiga kunnuwanku tun kuna ƙanana: wai Mushe Amadu, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ci saniyar 'yarsa bebiya, ya tafi boko da furfura a gemu. Baffanku Bello, yayana, shi ya fara faɗin haka, Allah ya jiƙansa, kuma bai yi mini ƙarya ba. Na ci. Amma da yake a gaban idonku kun ga wasu suna yi mini murmushin gefen baki a wurin suna da biki, gara ku ji labarin daga bakin mai laifin, kafin in bi Bello inda ya tafi.

Yayarku ita ce 'yar farina. Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, kaka ce ke riƙonsa. Har yau ban taɓa faɗin sunanta da bakina ba, 'yar Inna nake ce mata, don Inna mahaifiyata ce ta goya ta. Amma alƙalami ba ya jin kunya, bari in rubuta: Balkisa. Ranar sunanta mahaifina ya ba ta karsana ja mai farin goshi, wadda ake kira Wule saboda farin nan. A wurinmu saniyar suna ba kyautar wasa ba ce. Ita da duk abin da ta haifa na yaron ne. Uba ya yi kiwo, a sha nono a gida, amma ba ya kai ta kasuwa sai mai ita ya yarda, ko da kuwa mai ita bai fara sa wando ba.

Ba ta cika shekara biyu ba sanƙarau ya kama ta da bazara. Allah ya tashe ta, amma kunnuwa suka tafi, 'yan kalmomin da ta fara koya suka bi su. Maƙwabtanmu Arawa suka ce Doguwa ce ta shafe ta, a kai ta wurin masu bori. Wani ɗan'uwanmu mai shago a Tibiri ya ce wannan shirka ce, a kai ta likita. Muka kai ta likita a Dogon Dutsi, aka leƙa kunnuwan, aka ce mu yi haƙuri. Muka yi haƙuri. Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a lakwal ɗin Dumega, wato makarantar bokon garin, ina alfahari da cewa ko yaro ya kai dutse taurin kai sai na sa shi ya karanta Faransanci. Amma in na dawo gida na zauna gyaran kayen yara, wato littattafansu na rubutu, in ta shigo tsakar gida sai in ɗaga kayen ya rufe mini fuska har ta wuce. Mutane suna yabona, wai Mushe bai yar da kunyar Fulani ba duk da bokonsa. Ba kunya ba ce, 'ya'yana. Tsoro ne. Ban san abin da zan yi da idanunta ba in suka tsaya a kaina.

Tana da shekara tara na je kasuwar Tibiri sayen gishirin shanu, na ga abin da ya juya mini rayuwa. Samari biyu ne daga tsallaken iyaka suna sayar da takalman roba. Ba su cewa uffan, amma hannuwansu suna gudu, fuskokinsu suna canzawa, ɗaya ya yi wani abu da yatsu, ɗayan ya faɗi kan buhu yana dariya har da hawaye. Na tsaya da gishirina a ka kamar wanda aka dasa. Ba nuni suke yi irin na “zo” da “tafi” ba, hira suke yi, har da tsegumi, don na ga sun kalli hulata sun sake fashewa. Na matsa, na rubuta musu tambaya da Hausa a bayan wata takarda. Babban ya karɓi biro ya ba ni amsa da rubutu mai kyau wanda ya fi na direktan makarantarmu. Ya ce sun yi makarantar kurame a ƙasarsu, kuma malamansu a jami'a aka koyar da su, akwai sashe guda na koyon yadda ake karantar da kurame da makafi. Ranar na dawo gida ban san ta wace hanya na biyo ba.

Na yi ta rubuce-rubuce har jami'ar ta karɓe ni, karatun shekara uku. Wurin aiki suka ba ni izinin tafiya, amma ba albashi, ba kuma tallafin karatu. Baƙo daga wata ƙasa kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan ƙasa, ga ɗaki, ga ci, ga mota. Ni kuwa shanuna sun daɗe da ƙarewa a hidimar gida. Abin da ya rage a garkenmu da zan iya kallo shi ne na yarinyar: Wule da 'ya'yanta uku. Shekarar damina ba ta yi kyau ba, dabbobi sun rame, dillali ya zo ya shafa su ya ce 'ya'yan ba za su kai ni ko'ina ba sai an haɗa da uwar. Na samu Inna tana dama fura a gindin aduwa, na durƙusa.

“Inna, shanun ɗiyag ga taki nika son in saida.”

“Shanun wa kac ce?”

“Nata. Ai don ita za ni karatun ga.”

“To mi kaka hwaɗa mini? Nawa na? Tahi ka tambayi mai su.”

“Inna, ƙaƙa za ni tambaya tata? Ba ta ji.”

Ta ajiye ludayi ta dube ni tun daga hula har takalmi.

“Kai da kaka koya ma ɗiyan mutane Nasaranci, ɗiyakka guda ta gagare ka? Ni da ban san bihim ba, kullum muna hira da ita.”

A nan na fara jin cewa a gidan da nake kwana akwai harshen da ban sani ba. Inna da jikarta sun ƙirƙiro shi tsakaninsu, kowane mutum da kowace saniya da sunansa. Inna ta nuna mini kaɗan, tana yi tana harara ta. In an ja yatsa daga goshi zuwa hanci, Wule ke nan. In an juya hannu kamar mai dama fura, Inna ce. In an miƙe hannuwa biyu kamar mai sanda a kafaɗa, Bello ne. Na ce, “Ni hwa?” Inna ta dube ni. Ta ɗaga tafin hannunta ta rufe fuskarta da shi, ta ɗan jima a haka, sannan ta sauke ta ci gaba da damunta.

Washegari da hantsi na sami yarinyar tana tatsar Wule, ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, goshinta jingine da cikin saniyar. Inna da Bello da mahaifiyarku suna tsaye daga nesa a matsayin shaidu. Na tsugunna a gabanta. Ranar na fara ganin cewa idanun mahaifina ne a fuskarta, da wani ɗan tabo a haɓarta wanda ban san lokacin da ta same shi ba. Na ja yatsa daga goshi zuwa hanci. Na nuna 'ya'yan Wule, 'yan maruƙa biyu da bijimi. Na nuna hanyar kasuwa, na murza yatsu alamar kuɗi, na nuna ƙirjina, na nuna kudu. Daga nan kayana suka ƙare. Ta yaya ake nuna jami'a da hannu? Ta yaya ake nuna shekara uku, ko “zan dawo”, ko “don ke nake yi”? Na taɓa kunnenta, na taɓa bakina, na ga dai shirme nake yi, sai na buɗe tafukana biyu ina jira. Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, har ƙuda suka taru a bakin ƙwaryar, har gwiwoyina suka gaji da tsuguno. Sannan ta ajiye nonon a hankali, ta je ta ɗora goshinta a kan farin goshin Wule, ta kwance igiyar daga turke, ta kawo ta sa a hannuna, ta naɗe yatsuna a kanta da nata hannuwan.

Inna ta ce, “Ta ba ka. Amma ko ta san abin da tab ba ka, Allah ɗai yas sani.”

Bello ya tofar da yawu ya ce, “Wagga ba tambaya ba ta. Ƙwace na da ladabi.”

Maganar nan tasa ita na ɗauka a cikin jakata na tsallaka iyaka, kuma ta fi duk kayana nauyi.

Jami'a ta karɓe ni da mari. Da Ingilishi ake karatu, ni kuwa Ingilishina na gaisuwa ne. A ajin maganar hannu an hana buɗe baki ɗungurungum. Wata uku ina zaune a tsakiyar mutane, bakuna suna motsi, hannuwa suna motsi, a yi dariya in yi dariya don kada a gane ni, a tashi in tashi. Wata rana ina cin garin rogo da ƙuli-ƙuli a bayan ɗakinmu, abin ya faɗo mini: wannan zaman da ya kusa haukata ni cikin wata uku, shi yarinyar nan take yi tun tana goye. Na kasa ƙarasa garin. Samari huɗun da muke ɗaki ɗaya, waɗanda suka raɗa mini Baba Nijar, suka zaci kewar gida ce, suka yi ta zolayata wai amarya na baro.

'Yan ajinmu kuwa ba irin waɗanda na zata ba ne. Mata sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, akasarinsu sa'o'in ƙannena na baya-baya, 'yan birni masu jakunkuna. Makiyayi ni kaɗai, mai furfura ni kaɗai. Da farko na ɗauka waɗanda suka rasa gurbi a wasu sassan ne aka turo nan, kuma akwai irinsu. Amma da muka saba sai na ga kusan kowa ya baro wani a gida: wannan ƙanenta ba ya gani, wancan ɗansa shekara bakwai bai iya zama ba. Wasu kuma su da kansu ne. Akwai makaho a bencina wanda yake karatu da yatsunsa a kan takarda mai ƙuraje, ya fi ni sauri ni mai ido biyu, in na makara ya gane ni da ƙarar takalmina ya ce, “Baba Nijar, shanun sun sha ruwa?” Na yi shekaru ina ganin makafi da kurame a bakin kasuwa, ban taɓa kawo wa raina cewa za su zauna jarrabawa ɗaya da ni su wuce ni ba.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce malamar da ke koya mana maganar hannu, Malama Talatu. Kurma ce tun haihuwa, 'yar gajeruwa, mai tabarau. Ranar da na fara ganinta a gaban allo, ɗalibai cike da ɗaki sun yi tsit suna bin hannuwanta da ido, sai da tsigar jikina ta tashi. Tana ba da labari ka ga ruwan sama yana sauka daga yatsunta, ka ga tsoho, ka ga kare, ka ga fushi, ba tare da ta motsa daga inda take ba. Na ce a raina, ashe haka Allah yake, ya rufe ƙofa ɗaya ya bar harshe cikakke a tafin hannu, mu kuma muna wucewa muna cewa bebe. Wata rana ta sa kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Da aka zo kaina wata ɗaliba ta yi mana tafinta, na ba da labarin 'yata, na ce na zo in koyi harshe in kai mata.

Malama ta tambaya, “Da me take kiran kakarta?”

Na juya hannu kamar mai dama fura. Aji ya yi murmushi.

“Kai fa, da me take kiranka?”

Na ɗaga tafina na rufe fuskata. Aji ya fashe da dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta zo har gabana ta kama hannun nan ta sauke shi.

“'Yarka tana da harshe,” in ji ta. “Kai ne ba ka da shi. In ka je hutu kada ka gyara mata ko alama ɗaya. Ka zauna ka zama ɗalibinta tukuna.”

Haka na yi. Hutun farko na bi 'yar Inna kiwo da sauran shanun gida, ni a baya ita a gaba, tana nuna mini sunan kowane icce da kowane tsuntsu, in na kuskure ta bugi hannuna kamar yadda nake bugun na 'yan lakwal. Sai daga baya na fara ba ta nawa, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana kwashewa kamar ƙasar rani da ruwan fari. Amma duk lokacin da muka wuce turken Wule sai in ga ta kau da kai, ni ma in kau da nawa. Kuɗin shanun ko ƙarshen shekara ta biyu ba su kai ba. Ragowar karatun gyaɗar mahaifiyarku ce ta biya, da Faransancin da na riƙa koya wa 'ya'yan malamai a gidajensu. Ku riƙe wannan, don ita ba a taɓa faɗin nata a ruga ba.

Ranar da aka ba mu takardun gamawa, da aka kira sunan sashenmu, ban ji tafi ba. Na ɗaga kai don in ga ko lafiya, sai na ga hannuwa sama, gefen ɗakin taron gaba ɗaya, suna kaɗawa ba ƙara, don haka kurame suke tafi. Na taɓa ganin gonar gero iska na kaɗa ta, amma ban taɓa ganin mutane sun yi haka don wani ɗan ruga ba. Na yi kuka a gaban yara, ban ɓoye fuska ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Na dawo na roƙi rumfar zana a gefen lakwal, na bi rugage da ƙauyuka har wajen Kiyeshe ina neman yaran da aka ɓoye a bayan ɗaki. Yayarku ce ɗalibata ta farko, daga baya ta zama mataimakiyata, yau ita ke da aji nata a Dogon Dutsi, kuma iyayen yara ita suke nema, ba ni ba. Mun yi hira da ita a kan komai, addini, siyasa, har mijin da ta zaɓa, telan nan kurma mai yawan tsokana. Abu ɗaya ne ban taɓa tambayarta ba. Ina da hannun tambaya yanzu, amma ina tsoron amsar, don in ta ce ba ta gane ba, to Bello ya yi gaskiya.

Sai da ta zo gida haihuwar fari, shekara goma sha bakwai bayan waccan safiya. Inna ta riga ta rasu. Na zaga kasuwa uku kafin in samu karsana ja mai farin goshi, na ɗaure ta a tsohon turken don jaririyar. Bayan la'asar ranar suna, baƙi sun ragu, na ga ta fito ta tsaya a gaban karsanar, ta daɗe ba ta motsa ba. Na zo na taɓa kafaɗarta.

Na ce da hannu, “Ranar da na roƙe ki Wule, kin gane abin da nake faɗa?”

“Ko kaɗan,” in ji ta. “Na ɗauka yanka ta za a yi, kai kuma za ka tafi kudu ba za ka dawo ba.”

Na ce, “To don me kika ba ni?”

“Baba, shekara tara kana wuce ni da takarda a fuska. Ranar ka tsugunna, ka dube ni, ka tambaye ni abu, kuma ka tsaya kana jiran amsata. Inna tana sona, amma ko ita umarni take ba ni. Ba wanda ya taɓa jiran amsata kafin kai. Na ja lokacin ne don kada ka tashi. Da garken duka ka roƙa, da na kwance maka.”

Na tsaya ban san inda zan sa hannuwana ba. Ni da na tsallaka ƙasa neman ilimi, ashe yarinya mai shekara tara ta sayi kallo ɗaya na ubanta da abin da ta fi so a duniya, kuma ba ta ga ta yi asara ba. Ta ga halin da nake ciki, sai ta yi irin murmushin Inna.

“Yanzu ka iya magana. Tambaye ni.”

Na tsugunna a wurin nan, da rigar suna da gwiwoyin tsufa, a gaban sauran baƙi. Na faɗi sunanta da hannu, don kunyarmu baki ta hana, ba ta san da hannu ba. Na ja yatsa daga goshi zuwa hanci. Na gaya mata duka, jami'a, shekara uku, kuɗin baƙo, zan dawo, don ke nake yi. Na ce, kin yarda in sayar da Wule? Sannan na buɗe tafukana ina jira. Ja'irar ta bar ni a tsugunne har sai da gwiwoyina suka sake gajiya. Daga nan ta sunkuyo ta sa hannunta a cikin nawa, ba igiya ba komai, ta naɗe yatsuna a kansa.

To kun ji. Duk wanda ya sake ce muku ubanku ya ci saniyar yayarku, ku ce masa haka ne, ya ci, kuma mai ita ta yarda sau biyu. Allah ya jiƙan Inna da Bello, ya sa ku zama masu tsugunnawa ku jira amsar 'ya'yanku.